Yatsan da Ya Taɓa Gira

A ofis Ta-Lungu suke kiranta, kuma ba da zagi ba. Duk wanda ya taɓa kunna talabijin lokacin da Kakakin gwamnati ke bayani ya ganta, ko da bai kula ba: matar nan da ke can ƙasa a lungun dama, cikin ɗan akwati, sanye da baƙar riga, tana juya hannuwa don kurame su san abin da ake faɗa. Shekara goma sha ɗaya tana wannan aiki, amma har gobe mai gadin ƙofa sai ya nemi ganin katinta. Ita kuwa ba ta taɓa jin haushi ba. Cewa take yi wanda aka sani shi ake tsarewa a hanya.

A ɗakin uwarta ta fara koyon sana'ar, tun kafin ta san hanyar makaranta. Inna kurma ce tun haihuwa, mijinta kuma ya rasu ya bar ta da yara biyu, don haka tun Ta-Lungu na 'yar shekara shida ita ce bakin gidan. Ita ke gaya wa likita inda ke yi wa Inna ciwo. Ita ke isar da faɗan Inna ga mai gidan haya, ta rage masa zafi a hanya, ta kuma dawo da nasa faɗan ta rage. Da ta girma ta shiga makarantar kurame ta koyi maganar hannu ta ilimi, mai haruffa da ƙa'ida. Inna ta ce a kai kasuwa. Ita nata yaren na gida ya ishe ta, harafi kuwa ko ɗaya ba ta sani ba, ba ta kuma neman sani.

A yaren Inna kowa da alamarsa maimakon suna. Ta-Lungu alamarta yatsu huɗu ne da babban yatsa suna buɗewa suna rufewa a gaban baki, wato uwar surutu. Ƙanenta Auta kuwa yatsa ɗaya ne a kan girar hagu, saboda tabon da ya samu yana ɗan shekara uku, ranar da aka bar mata shi ta tafi kallon faɗan maƙwabta, ya faɗo ya bugi ƙarfen gado. Ya girma da tabon, ita ta girma da kunyar. Ko da ya zama ƙato mai gemu, in yana son ta yi masa wani abu, sai kawai ya shafa girar ya ce, “Yaya, kin dai san abin da kika yi min.”

Ta taɓa aure, bai daɗe ba. Mijin ya ce ko barci take hannuwanta ba sa yin shiru, ya gaji da shan mari ba laifin tsaye ba na zaune. Ta kwaso kayanta ta dawo wurin Inna da Auta, ɗakuna biyu a saman bene, su uku suka ci gaba da zamansu. Auta ya zama mai gyaran injinan ɗinki a wata babbar masana'antar tufafi mai hawa huɗu. Shi ne ya haɗa ƙararrawar ƙofarsu da wani jan ƙwan lantarki a saman talabijin, don in an danna daga waje Inna ta ga wuta ta san an zo. Shi sau uku yake dannawa. In jan ƙwan nan ya ƙifta sau uku, Inna kan tashi ta ɗora ruwan zafi tun kafin ya cire takalmi.

Kuma duk ranar da Kakaki zai yi magana, Inna na gaban talabijin. Maganar makaranta rabinta take ganewa, sauran daga fuskar 'yarta take karantawa. In Ta-Lungu ta dawo sai ta tarar da hukunci yana jiranta: yau ɗankwalinki ya karkace, yau kin yi kama da mai jin yunwa, yau mutumin nan ƙarya yake yi, na gani a hancinki.

Ranar Litinin da hantsi ginin masana'antar ya rufta, hawa huɗu suka zauna a kan juna.

Auta bai dawo ba. Wayarsa ta yi ta ƙara har ta daina shiga. Ta-Lungu ta zaga asibitoci uku kafin a kira ta ofis, ba ta same shi cikin masu rauni ba. Ta gaya wa Inna ana kan tono, ana fito da mutane da rai, wanda gaskiya ne a ranar. Inna ta jawo kujera ta zauna inda za ta riƙa ganin talabijin da jan ƙwai a lokaci guda.

A ofis mutum ɗaya kawai ta gaya wa, Baba Darakta, tsohon da ya ɗauke ta aiki. Ta san in shugabanni suka ji, za su ce ta je gida ta huta, akwatin lungu ya zauna wayam, don babu mai canjinta. Ga shi masana'antar nan ta fi kowace ɗaukar kurame, saboda ƙarar inji ba ta damunsu. Mata kurame sun fi hamsin a hawa na biyu, da yawansu mazajensu ma kurame ne, ba su da inda za su ji labari sai hannuwanta. Ta ce, “Baba, ka rufa min asiri, zan iya.” Ya dube ta ya ce Allah ya ba ta ƙarfi.

Wannan tsoho yana da ƙa'ida ɗaya da ya riƙe shekara talatin: ba a karanta sunan mamaci a iska sai an taka ƙafa an je gidansu. Mutum biyu ke zuwa, su yi sallama, su zauna, su faɗa da baki. Aiki ne mai cin lokaci, shi ya sa kullum adadin gwamnati ke tafiya a baya kamar tsohuwa mai ciwon ƙafa. A da mutane kan jira. Yanzu wa zai jira ka, kowa da waya a tafin hannu?

Kafin la'asar ta ranar farko, gwamnati na cewa mutum tara, wayoyi na cewa ɗari uku. Ni dai ban ga laifin uwar da ke tsaye bakin shingen 'yan sanda da hoton 'yarta ba. Wanda aka ƙi gaya wa komai, duk abin da aka miƙo masa karɓa zai yi. Waɗanda ke ba ni haushi su ne masu zama a kan katifa suna zana jan da'ira a jikin hotuna. Kakaki ya fito da agogo mai ƙyalli, suka zagaye agogon da ja: ga wanda bai damu ba. Ya kurɓi ruwa a tsakiyar magana, suka zagaye kwalbar: maƙoshinsa ya bushe don ƙarya yake yi. Ya lashi leɓe, wannan ma sai da aka samu malamin da ya fassara shi.

Sai aka turo musu wani daga sama, wanda 'yan ofis suka laƙaba wa Mai Ma'auni. Wayoyi uku gare shi da wani allo mai layi biyu, ja da kore, wai yana auna zafin zuciyar jama'a. Tun daga ranar ba a sake tambayar me ya faru ba, sai dai me ake cewa. Ya sa aka cire agogon, aka ɗauke kwalbar, aka canza labule zuwa mai duhu. Ya zo kan Ta-Lungu ya ce, “Malama, fuskarki ta yi yawa, ana magana a kai. A rage.”

Ta ce, “Ranka ya daɗe, fuska rabin maganar ce. In na daskare ta, kurma ba zai bambance tambaya da amsa ba.”

“A dai rage.”

Ta rage. Washegari ya dawo ya ce an ce ta cika bushewar ido, ta ɗan ƙara jimami, amma kada ya wuce kima. Kwana biyu ke nan abinci bai wuce maƙoshinta ba, ga wani na auna mata jimami da cokali.

Ranar Laraba hoton wata babbar mota ya bazu, an ɗauke ta tana fita daga wurin tono a rufe da tamfol. Ɓaraguzai ta ɗauko, amma kafin azahar gari ya gama yarda cewa gawarwaki ne ake kai wa ramin ɓoye. Jama'a suka cika bakin ƙofar ofis, mata na kuka, maza na dukan ƙarfen ƙofar. Jan layin Mai Ma'auni ya kusa fita daga allo.

Ƙarfe biyu aka tara ma'aikata a ɗakin taro. Kafin a ce komai, aka zaga da kwali kowa ya jefa wayarsa, wai kada labari ya fita. Sannan Mai Ma'auni ya sanar cewa ƙarfe huɗu Kakaki zai karanta sunayen duk waɗanda aka tabbatar sun rasu, mutum sittin da uku, kai tsaye, don a rufe bakin masu cewa ana ɓoyewa.

Baba Darakta ya miƙe yana dafa tebur. Ya ce, “Gida ashirin kacal muka je. Sauran arba'in da ukun fa? A talabijin za su ji?”

“Baba, in muka kai gobe, za su ƙona ginin nan da mu a ciki.”

“Ku ba ni zuwa safe. Mu rabu bibbiyu, ni ma zan je.”

Aka ce ya yi haƙuri, umarni ne daga sama, in kuma ya gaji yana iya zuwa ya huta. Ya roƙi a bar shi ya ga takardar ko na minti ɗaya. Aka ce tana cikin ambulan a liƙe, Kakaki kansa sai a gaban kyamara zai buɗe, don jama'a su gani da idonsu. Tsohon ya juyo ya kalli Ta-Lungu, ya sunkuyar da kai.

Gidansu ba ya cikin ashirin ɗin da aka je. Ko dai Auta ba ya cikin takardar, ko yana cikin arba'in da ukun. Ba ta da wayar da za ta kira maƙwabciya ta ce a kashe wa Inna talabijin. Ta shiga banɗaki ta tara ruwa a tafi ta wanke fuska, tana lissafi. Abu ɗaya take so a duniya yanzu: in har labarin ya zama wanda take tsoro, Inna ta same shi a ɗaki, tana riƙe da ita, ba ta cikin gilashi ba. Kuma akwai hanya. Sunaye harafi-harafi ake rubuta su da yatsu, Inna kuwa ba ta san harafi ba. Muddin ta riƙe fuskarta, sunan zai wuce ta gaban Inna kamar kowane suna. Awa ɗaya ce kawai, daga nan ta ruga gida.

Ƙarfe huɗu ta tsaya a kan alamar da aka manna mata a ƙasa, fitila na dukan idonta. Kakaki ya yage ambulan ya fara. Tana jin suna, yatsunta na rubutawa. Wasu ta san su, 'yan ajinsu ne a makarantar kurame, ta rubuta su ta wuce. Goma. Ashirin da biyar. Talatin da takwas. Ta fara jin wani abu mai kama da sa rai, ta tsani kanta a kan haka, don kowane sunan da ba nasa ba na wani ne.

Na arba'in da ɗaya shi ne. Sunan nan da babu mai kiransa da shi sai takarda, da sunan babansu a bayansa.

Kunnuwanta suka toshe. Amma yatsun sun san aikinsu, suka rubuta shi tsaf, harafi bayan harafi. Ba ta ƙifta ido ba. Leɓenta bai motsa ba. Ta ci gaba da sauran ashirin da biyun, ta fassara addu'ar rufewa, ta tsaya har aka kashe fitila. A ranta ta ce: na riƙe. Wallahi na riƙe.

Baba Darakta na jiranta a bakin ƙofa da wayarta a hannu, idonsa jajir. Ya ce, “'Yata, ƙa'ida mutum biyu ne. Mu je tare.” Ta ce ya bari, akwai gidaje arba'in da biyu da suka fi ta buƙatarsa. Ta fita ta ƙofar baya, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta shiga bas.

A hanya take ta shirya yadda za ta yi. Za ta zaunar da Inna a bakin gado. Za ta fara da cewa an same shi. Za ta bari Inna ta tambaya da kanta. Ba ta yi kuka ba, ta ajiye shi sai ta isa.

Wasu mata biyu a kujerar gabanta sun haɗa kai a kan waya ɗaya. Ɗaya ta ce, “Kin gani ko? Ita ma ta gaji da ƙaryarsu. Saƙo ta aiko mana.”

“Wai me yake nufi?”

“An ce a yarensu hakan na nufin ƙarya ne. Wani kuma ya ce a ninka adadin sau goma take nufi. Allah dai ya kare ta, kada su ɓatar da ita.”

Ta-Lungu ta leƙa ta saman kafaɗarsu. Ita ce a wayar, an faɗaɗa akwatin lungun har ya cika fuskar allo, an rage gudun hoton. Ga yatsunta suna gama rubuta suna na arba'in da ɗaya. Ga fuskarta a daskare, yadda ta yi niyya. Sai ga hannun damanta, maimakon ya sauka, ya tashi a hankali, yatsa ɗaya ya taɓa girar hagu, ya dawo. An zagaye wurin da ja. Hoton ya koma farko, yatsan ya sake tashi.

Innalillahi. Ba ta san ta yi ba. Shekara ashirin da biyar hannun nan bai taɓa ambaton Auta ba tare da ya je girar ba, yau ma bai nemi izininta ba. A faɗin ƙasar nan mutum ɗaya ce ta san ma'anar wannan alama, kuma tana zaune gaban talabijin tun ranar Litinin.

Wayarta ta ɗau ƙara. Mai Ma'auni ne. “Malama, me kika yi mana haka? Mun samu layi ya fara sauka, kin sake tayar da shi. Mun rubuta sanarwa cewa gumi ne kika share. In kin amince yanzu za mu saki.”

Ta ce, “Sunan ƙanena ne.”

Muryarsa ta yi laushi, kuma na yarda har ransa ya ji. Ya ce, “Allah ya jiƙansa. Allah ya ba ku haƙuri.” Sai ya ɗan ja numfashi. “Amma kin san, in za ki daure ki faɗi haka gobe a gaban kyamara, zai taimaka ƙwarai. Mutane za su ga mu ma abin ya shafe mu.”

Ta kashe wayar gaba ɗaya.

A kan matakalar bene ta tarar da maƙwabciyarsu zaune da tagumi. Matar ta ce, “Tun wajen huɗu da rabi na ji wani irin sauti daga ɗakinku, ban taɓa jin Inna ta yi irinsa ba. Na danna, na danna, ba ta buɗe ba.” Ta-Lungu ta kai hannu ga ƙararrawa bisa sabo, sai ta janye. Ba za ta sa jan ƙwan nan ya ƙifta ba yau. Ta lalubo makulli ta buɗe.

Inna na zaune a ƙasa, ta bar kujerar. Talabijin na kunne, wasu mutum uku masu manyan riguna na muhawara, a bayansu hoton yatsan na ta tashi yana sauka. Inna ta ɗago. Idonta a bushe, fuskar ta faɗa kamar an yi shekara ba a gani ba. Ta ɗaga hannu ta yi magana a hankali.

Na gani.

Ta-Lungu ta durƙusa. Duk abin da ta shirya a bas ya watse. Ta fara cewa Inna ki yafe min, ban sani ba, na so in zo da kaina. Inna ta kama hannuwan ta tsayar da su, kamar yadda take yi mata tun tana yarinya in surutu ya yi yawa. Ta nuna talabijin, ta yi alamar a kashe. Ta-Lungu ta kashe.

Inna ta gyara zama har gwiwoyinsu suka haɗu. Ta ce: waccan ta cikin akwati ba ta kalle ni ba. Ke ki gaya min. A nan.

A yarensu na gida maganar alama biyu ce kawai: sunan mutum, sannan tafin hannu ya kife. Ta-Lungu ta ɗaga yatsa ta ɗora a girar hagu. Kafin ta sauke shi ta yi ta biyun, Inna ta kai hannu ta danne yatsan a wurin, ta riƙe gam.

Kukan da ta ajiye tun ƙarfe huɗu ya ƙwace mata. Ta yi ƙoƙarin zare hannun ta ƙarasa, Inna ta girgiza kai, ta ƙara dannewa. Suka zauna a haka, maƙwabciya na tsaye bakin ƙofa ta rasa ta shiga ko ta koma, Inna kuma ba ta saki ba.